Laraba da Asabar a Gidan Vinka

"Lafiya lau na wuni, tunda ban wuni da warin kifi a hancina ba. Kai fa? Ashe har yanzu ba ka mutu ba?"

"In mutu in bar ki wa wa? Wa zai kama makararki? Kin san nauyinki kuwa?"

Gaisuwarsu ke nan. Ni Deolinda, na haura shekara arba'in a gidan da ke manne da na Vinka a nan Spearwood, shinge kawai ya raba mu, kuma ban taɓa jin ita da Frane sun yi wa juna sannu irin ta mutanen kirki ba. Taubasai ne. Uban Vinka da uwar Frane ciki ɗaya suka fito, can tsibirinsu na Korčula, kuma jirgin ruwa ɗaya ya sauke su a Fremantle suna yara. Yanzu duk sun wuce saba'in. Ita mijinta Dinko ya rasu, shi ma tasa matar ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa.

Lambar gidan Vinka ashirin da takwas ce, saboda haka Laraba da Asabar ne ranakun da hukumar ruwa ta yarje mata ta shayar da ciyawarta, da asuba ko bayan shida na yamma. Tsohon akwatin da ke kunna ruwan da kansa tsawa ta ƙone shi a shekarar da Dinko ya rasu. Frane ya zo ya duba, ya ce mako mai zuwa zai gyara. Makon nan bai zo ba har yau. Sai dai duk Laraba da Asabar da yamma ya faka tsohuwar motarsa, ya durƙusa a bakin ramin da makunnan ruwan suke, ya murɗa su da hannu. Layi ɗaya ya sha, ya rufe, ya buɗe na gaba. Tsakanin layi da layi kuwa ga kofi, ga zagi.

Kowa a layinmu ya san gyaran ba zai ci masa rabin wuni ba, kuma kowa ya san abin da ya hana. Mazan tsibirin nan ba sa zuwa gidan mutane hira. Dole sai da dalili: ko tsani za su ara, ko ƙofa za su gyara. Ban-ruwan nan shi kaɗai ne dalilin da ya rage wa Frane na fita daga ɗakinsa. To, sai ga Damir, ɗan Vinka da ke Sydney, ya aiko da sabon akwati mai aiki da intanet a madadin zuwansa gida Kirsimeti. Ranar Asabar ɗin nan Frane ya zo ya ɗaura da hannunsa abin da zai sallame shi. Ni kuma ina bakin shinge ina tsinkar waken da bai isa tsinka ba. Kar wanda ya ce mini mai sa ido. Gidana ma shiru ne, faɗan nan nasu shi ne rediyona.

Vinka ta dire kwalin a kan teburin baranda.

"Ga magajinka nan. Gaishe shi."

Frane ya ciro shi, ya juya gaba, ya juya baya. Wani ɗan farin abu ne, bai fi faranti ba.

"Wannan ne? Ko nauyin gurasa bai yi ba. Shi ne zai yi aikina?"

"Aikinka? Murɗa famfo da cinye mini sukari? Ai ko kyanwa aka koya wa za ta yi. Wannan kuwa ba ya tari, ba ya shan kofi uku, ba ya ba ni labarin kifin da ya kama ya fi jirginsa tsawo."

"Ya fi shi tsawo! Mutum bakwai muka ja shi."

"Bara mutum biyar ne."

"Biyu sun je fitsari, bara ban lissafa da su ba."

"Tabɗi! Kai da za a sayar da ƙarya a kasuwar Fremantle, da yanzu rabin garin nan naka ne."

Frane ya sa tabarau, ya warware takardar bayanin, ya nisanta ta da fuskarsa har iyakar hannunsa.

"Wai yana leƙa hasashen yanayi. In za a yi ruwan sama, sai ya fasa ban-ruwa da kansa."

"Ni ma gwiwata tana gaya mini, kuma ba ta cin lantarki."

"Gwiwarki! Kullum cewa take za a yi ruwa. Shekara nawa ana fari a ƙasar nan tana ta alkawari? Da gwiwarki ke riƙe da hukumar ruwa, da duk raƙuma muke hawa."

"Aƙalla tawa tana magana. Taka in ka durƙusa ƙara kawai take, sai ka ce tsohuwar ƙofar gareji. Ran Laraba sai da na ɗauka sai na kira motar asibiti ta ɗaga ka."

"Addu'a nake yi."

"Da wannan bakin? Na ji abin da ka ce wa makunni na uku. Ko fadan coci ya ji sai ya toshe kunne."

Ya kwashi akwatin da jakar kayan aikinsa ya nufi bangon gareji, inda tsohon yake maƙale, duk ruwan rijiya ya rina wurin ja. Vinka ta jawo kujerar roba ta zauna a bayansa ta harɗe hannu. Ba taimako ta zo yi ba, kowa ya gani.

"Kashe wutar tukuna, kar ka soye mini a tsakar gida. Ba ni da baƙar riga mai kyau."

"Shekara talatin ina haɗa wayoyin jirgi a tsakiyar teku, igiyar ruwa na dukana. Mai noman albasa ce za ta koya mini wuta?"

"Albasar nan ita ta gina gidan da kake shan kofi a ciki. Kai me teku ta bar maka? Ɗaki ɗaya a Coogee da warin da sabulu ya gagara."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ranar aurenki duk cocin kuka ake yi, Dinko yana tsammanin daɗi ne ya kama mutane. Albasa ce, baiwar Allah!"

"Kai ma ka yi kukan ai, na gan ka."

"Tausayin Dinko nake ji."

Na ƙunshe dariyata a cikin kwandon wake. Ya kwance tsohon akwatin, gizo-gizo suka watse, wayoyi suka zubo masu launi daban-daban. Ya riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya yana kankare bakinsu yana cusawa a sabon. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Ja, na ciyawar gaba. Shuɗi, na gefen titi. Rawaya, na gindin ɓaure."

Vinka ta karkace kai.

"Oho! Ashe ka san su? Kai da ka ce mini wayoyin Dinko sun cukurkuɗe, sai an kawo injiniya daga Jamus?"

"Jiya na yi mafarkinsu."

"Ka ce kayan gyaran sai an yi oda, wai jirgin da ya ɗauko su ya nutse."

"Ya nutse mana. Ba ki karanta jarida ba?"

"Sau uku?"

"Teku ba ta da tabbas, Vinka. Ke da ba ki san ta ba sai ranar da aka kawo mu. Kwana da kwanaki kina amai, ni nake goye da ke a bayana."

"Kai ka goya ni? Ɗan mitsitsin yaro mai majina, da wandon yayanka ɗaure da igiya? Ni na riƙe hannunka muka sauko daga jirgin nan. Ka ga baƙon ɗan sanda ka saki fitsari a takalmina, takalmin da ubana ya sayar da akuya ya saya."

"Akuyar uwata ce."

"Ta gidanmu ce. Ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace. Uwarka da aka aurar ko kaza ba ta fita da ita ba. Ka san matsayinka, ka yi aiki."

"To, uwar ɗakina. Bawa yana aiki."

Ya ɗaure dunƙulen wayoyin, ya maƙala akwatin a bango, ya jona shi da wuta. Ɗan allon da ke fuskarsa ya kawo haske. Frane ya kusanta hancinsa ya karanta, sai ya ja tsaki.

"Wai intanet yake so."

"To ba shi mana."

"A aljihuna yake? Ke kina da shi?"

"Me zan yi da shi? Gulmar da nake buƙata duk Deolinda na kawo mini har gida." Ko juyowa ba ta yi ba ta ɗaga murya. "Deolinda! Bar waken nan haka, tun ɗazu kin tsinke har furen. Ara mana intanet ɗinki."

Kun ji fa rashin kunya. A gabana, da sunana. Amma na shiga ciki na ɗauko lambar sirrin da jikata ta manna mini a jikin firji, na dawo bakin shinge na riƙa karanto wa Frane harafi-harafi. Yatsansa ya fi maɓallan girma, in ya danna ɗaya sai biyu su shiga. Sau huɗu muna farawa daga farko.

"Yatsu kamar tsiran alade," in ji Vinka. "Da su ka shafa fuskar matarka? Allah Ya ji ƙan Jelka, ta yi haƙuri a duniya."

"Ta yi. Kusan irin wanda Dinko ya yi. Shi har kurumta ya ƙirƙiro wa kansa don ya huta."

A karo na biyar abin ya shiga. Wata 'yar fitila ta fara ƙifta ido, shuɗiya. Frane ya sake karantawa, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Yanzu kuma me?" in ji Vinka.

"Wai sabunta kansa yake yi. Kar a cire shi daga wuta, kar a taɓa shi, a jira."

"Sabunta kansa? Yanzu fa aka ciro shi daga kwali! Har ya tsufa?"

"Haka kayan zamani suke. Tun a hanya suke tsufa."

"To kai da ka shekara saba'in da biyar ba a taɓa sabunta ka ba fa? Deolinda, ko akwai soket a wajenki mu jona shi?"

"Ke za a fara jonawa. Amma wutar layin nan duk sai ta ɗauke."

Ta tashi ta shiga ciki, ta fito da kofi a ɗan tire da busasshen ɓaure a faranti. Ta miƙo mini nawa ta saman shinge ba tare da ta dube ni ba. Suka zauna a kujerun roba suna fuskantar bangon gareji, tsofaffi biyu suna kallon fitila tana ƙiftawa. Iskar teku ta fara kaɗawa, zafin ya ɗan sassauta.

"Da ni za a sabunta," in ji Frane, "haƙorana kawai zan ce a mayar mini. Na gaji da tsotsar ɓaure."

"A mayar maka da hankali dai. Au, na manta, ba a mayar da abin da ba a taɓa samu ba."

"Ke kuma a rage miki ƙara. An ce sababbin suna zuwa da maɓallin kashe murya."

"In na yi shiru wa zai gaya maka gaskiya?"

"Talabijin. Muna hira da shi sosai. Jiya mai karanta labarai ya ce barka da yamma, na amsa masa, har na tambaye shi iyali."

"Ya amsa?"

"Ya fi ki ladabi. Bai zage ni ba."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya juya kofin a hannunsa.

"Abin haushin, Vinka, ba wanda ya iya karɓar zagi yanzu. Ranar nan na zagi likitana da yarenmu, zagi mai kyau, irin na kakanmu. Yaron nan ya washe baki ya ce ya gode. Tun da aka binne abokina Jerko, a garin nan kaf ke kaɗai kika rage da zan zaga ki gane abin da na ce."

"To ai sai ka yi tattalina."

"Ina yi. Ba ki ga na sa miki akwati ba?"

Na tausaya musu, har ga Allah, kuma na ji haushinsu. Mutum biyu, kowa ya san ciwon ɗan'uwansa, amma a ce wani ya buɗe baki ya faɗa, ina! Vinka ce ta gwada, ita ma a karkace.

"Ƙofar gidan nan dai ba a kulle take ba. Ko kare ya shigo ina ba shi ruwa."

"In zo in yi me? In zauna a baranda kamar tulu, mutane na wucewa suna cewa ga tsohon nan da ba shi da wurin zuwa? Ubana bai taɓa taka gidan wani ba sai da aiki a hannunsa. Ni ba maroƙin kofi ba ne."

"Girman kai rawanin tsiya."

"Na gada. Ta wajen uwa."

"To wa ya aike ka ka ɗaura shi? Da ka ce wannan jirgin ma ya nutse."

"Yaro ya kira ni da kansa, Vinka. Ya ce, kawu, taimaki mamata. In ce masa me? In ce a bar uwarka ta dogara da tsohon da gobe ma ba tasa ba ce? In na faɗi a ɗaki ran Talata, ciyawar Dinko ta mutu ran Asabar. Yaron ya yi daidai."

"Kaza mai tone-tone, ita ke tono wuƙar yanka ta."

"Na sani. Ni na wasa ta ma."

Fitilar ta daina ƙiftawa, ta koma koriya. Ko minti biyu ba a yi ba wayar Vinka ta ɗauki ƙara a aljihun rigarta. Damir ne. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta kamar yadda ya koya mata, muryarsa ta fito da ƙarfi, ana jin hayaniyar motoci a bayansa.

"Mama! Ya hau! Ga shi ina gani a wayata. Shida ta wuce a wajenku ko? Kuma yau ranarku ce. Tsaya ki ga abin mamaki, dubi ciyawar gaba."

Injin rijiya ya yi gurnani a bayan gida. Kawunan feshin da ke binne a cikin ciyawa suka leƙo gaba ɗaya, suka yi tari, suka fara watsa ruwa. Babu wanda ya durƙusa, babu wanda ya murɗa komai. Yaro yana can ƙarshen ƙasa, ruwa yana zuba a Spearwood.

"Kin gani? Daga yau, da asuba zai riƙa yi, kina barci. Ba ruwanki da shi. In sabon gyara ya fito ma da kansa zai ɗauka. Barba Frane yana nan?"

Barba suke ce wa kawu. Frane ya matso da fuskarsa.

"Ina nan, ɗana."

"Barba, na gode ƙwarai. Ka huta ke nan! Ba sai ka ƙara wahalar da gwiwarka kana zuwa ba. Ka zauna a gida ka miƙe ƙafa."

"Haka ne. Zan miƙe."

"Mama, zan shiga jirgin ƙasa, sai mun yi magana. Na bar shi ya gama zagayen."

"Damir, ka ci abin…"

Ya riga ya kashe. Ta tsaya tana kallon wayar, sannan ta mayar aljihu. Ba mugun yaro ba ne, ni na san shi tun yana tsallako shingen nan yana satar mini inabi. Yana ganin ya sauke wa mutum biyu nauyi ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Frane ya tattara kayansa a hankali. Ya naɗe guntayen wayoyi, ya share ƙurar bango da tafin hannu, ya ɗauki tsohon akwatin ya sa a hammata. Ya shanye sauran kofin a tsaye.

"To, 'yar kawu. Aiki ya yi kyau ko?"

"Ba laifi. A karkace yake kaɗan, kamar mai shi."

"Sai… to. Sai wani jiƙon."

"Sai an kira ni ganin gawa."

"Ki sa baƙar rigar nan ko ba ta da kyau. Ba zan gani ba."

Ya bi gefen ciyawar yana kauce wa ruwa, ya buɗe bayan motarsa ya ajiye jaka. Bai waiwayo ba. Ni dai wake ya fita raina, na ajiye kwandon. Na san ɗakin nan na Coogee, na taɓa kai masa miya lokacin da Jelka ta rasu. Kujera ɗaya ce a gaban talabijin, da taga mai kallon wurin ajiye motoci.

Vinka ta miƙe. Akwai wani shebur jingine a jikin gareji. Ta ɗauka, ta taka cikin ciyawar da silifas ɗinta, ruwa na dukan ƙafafunta, ta nufi kan feshin da ke kusa da akwatin wasiƙu. Ta gyara tsayuwa kamar za ta sare kan maciji. Ta ɗaga, ta sauke.

Ƙwas!

Kan ya yi tsalle ya faɗa titi. Ruwa ya yi sama a miƙe, ya fi rufin gareji tsawo, ya dawo ya sauka a kanta. Ni da ba na ganin ɓarnar ruwa a layin nan in yi shiru, ranar na ja bakina na tsuke.

Frane ya juyo a guje, irin gudun da gwiwarsa ta yarda da shi, ya isa bango ya danna maɓallin tsayarwa. Injin ya yi shiru. Vinka na tsaye a tsakiyar ciyawa, gashi ya manne mata a goshi, riga na ɗiga, shebur a hannu.

"Ke! Kin haukace ne?"

"Dubi aikinka! Ko awa ɗaya ba a yi ba ya fashe. Na faɗa, duk abin da ɗan mace ya taɓa sai ya lalace."

"Ya fashe? Da idona na ga…"

"Ka ga me? Kai da ka ba ni baya? Ido ne da kai a ƙeya? Deolinda, me ya faru?"

"Ni wake nake tsinka," na ce.

"Ka ji. Da kansa ya fashe. To, gaya wa magajin naka ya gyara."

Frane ya dubi akwatin a bango, ya dubi ramin da ruwa ya haƙa a ciyawa, ya dube ta.

"Ba shi da hannu."

"Ba shi da hannu? Duk iliminsa? Ya san za a yi ruwa a sama, bai san ana yi a ƙasa ba? To a kira Damir ya danna daga Sydney."

"Ba ya dannuwa. Sai an tona, an kwance guntun, an ɗaura sabo. Sai an wanke yashin da ya shiga bututun."

"Wa zai yi? Ni da ciwon baya?"

"Ciwon bayan da ya ɗaga shebur?"

"Yana zuwa yana tafiya."

Ya tsaya yana sosa haɓa. Na ga gefen bakinsa ya fara motsi, yana dannewa.

"Shagon kayan famfo ya rufe yanzu. Gobe Lahadi. Kuma irin wannan kan, tsohon yayi ne, sai an bincika."

"Kar dai jirgin ya sake nutsewa."

"Zai iso. Ran Laraba, in Allah Ya yarda. Dole a bar shi a kashe sai na zo, in na gama kuma in tsaya in ga yadda yake feshi."

"Kofi ɗaya za ka sha. Sukari ya yi tsada."

"Vinka."

"Mene ne?"

"Kawunan nan, guda nawa Dinko ya binne a gidan nan?"

"Wa ya sani? Mutumin bai san tsimi ba. Gaba, baya, gefen titi, gindin ɓaure, ko'ina ya samu sai ya cusa. Kuma duk sun tsufa. Ni dai ba na jin za su yi ƙarko, yadda na ga wannan ya yi."

Nan dariyar ta ƙwace masa. Ya dafa bango yana yi har da tari, hawaye na bin kumatunsa, ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu. Ita kuma ta ɗaure fuska tamau, ruwa na ɗiga daga hancinta.

"Kin ci, 'yar kawu. Na sallama. Uwata ma ta ce kar in yi jayayya da 'yan gidanku."

Ya taka zuwa motar, ya buɗe jakar, ya yi 'yan lalube-lalube. Ya dawo da wata 'yar guduma mai ƙotar katako, duk ta sha hannu. Ya zare shebur ɗin daga hannunta ya jingine, ya ɗora mata gudumar a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

"Ungo. Shebur ya yi miki nauyi, kar ki ɓalla ƙugu a ce ni ne. Kuma ɗaya-ɗaya za ki riƙa yi, Vinka, ban da haɗama. So nake su kai mu har ƙarshe."